Sati Shida Kafin a Raba Ɗan Zomo da Uwarsa

Jama'ar unguwa, maza da mata, a wannan fitowar maganarmu a kan zomo take. Wani zai ce, duk abin da ke damunmu a Keffi sai zomo aka gani? To, a yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nama ya yi wa talaka nisa, akuya ta fi ƙarfin aljihu, abincin kaji kuma ya yi ta hawa. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma kiwon zomo. Ba ya kuka ya dami maƙwabta, ba ya cin fili, rabin abincinsa kuma a bakin rafin Antau ake yankowa kyauta. Mu da muke sayar da dusa da hatsi a kasuwa mun fi kowa ganin wannan canji, domin masu zuwa sayen mudu ɗaya na dusa don zomaye sun ƙaru ƙwarai.

Su wa ke wannan kiwo? Yawanci yaranmu ne 'yan sakandare da suka tara kuɗin dako ko na wankin babur suka haɗa keji. Sai matan aure da ke cikin gida, da zawarawa da iyayen marayu waɗanda suka ɗauki kuɗin adashi suka zuba. Ga irin waɗannan, zomanya ɗaya da 'ya'yanta ita ce kuɗin jarrabawa, ita ce kayan sallar yara. Saboda haka idan 'ya'yan suka mutu, jari ne ya mutu, wani lokaci har da zumunci.

Abin da ya sa muka ce har da zumunci, daga azumin bara zuwa yau an tsayar da mu bayan sallar la'asar fiye da sau biyar a kan rigima iri ɗaya. Wani ya sayi 'ya'yan zomo biyu ko uku wurin ɗan maƙwabcinsa. Ranar da aka kawo su lafiya lau, suna tsalle suna cin ganye. Kwana uku ko huɗu sai zawo, ciki ya kumbura, a wayi gari sun mutu. Mai saye ya ce an sayar masa da marasa lafiya, a biya shi kuɗinsa. Mai sayarwa ya rantse da Allah lafiyarsu ƙalau ya bayar. Iyaye su shigo, magana ta yi tsawo, har akwai gidaje biyu da matansu suka daina gaisawa wata guda a kan zomaye uku. Duk lokacin da aka kawo mana irin wannan, tambaya ɗaya muke yi: kwanansu nawa da haihuwa ranar da aka ɗauke su? Amsar ba ta wuce sati uku, in ta yi yawa sati huɗu. Su duka biyun gaskiya suka faɗa. Lafiyarsu ƙalau aka sayar, amma ba su isa rabuwa da nono ba.

Asalin kuskuren, a ganinmu, daga sunan ne. Mu Hausawa da zomon daji da na gida duk zomo muke ce musu, alhali halitta biyu ce daban. Zomon daji, wanda iyayenmu suka sani a farauta, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu, uwarsa takan ɗauki ciki kamar kwana 42, ta haife shi a cikin ciyawa da gashinsa, idonsa a buɗe, ba da jimawa ba ya fara tsalle. Shi kuwa na gida, asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke haƙa rami su haihu a ciki. Irin su New Zealand fari da Chinchilla da Dutch da muke gani a kejunanmu duk jikokin wancan ne. Cikinsa kwana 31 ne, ko ya ragu da kwana biyu ko ya ƙaru da ɗaya. Ana haihuwarsa tsirara, ido a rufe, kunne a toshe, nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba. Wanda ya ɗauki hukuncin na daji ya ɗora wa na gida, to dole ya yi asara.

Bari mu bi ɗan zomo sati-sati, don kowa ya ga inda yake a lokacin da ake son ɗauke shi.

A satin farko ba abin da yake yi sai barci da shan nono. Uwar tun kafin ta haihu take tara ciyawa a baki, ta fizge gashin ƙirjinta da na cikinta ta shimfiɗa musu. Wannan gashin shi ne bargonsu, kada mai shara ya kwashe shi. Wajen kwana huɗu zuwa bakwai gashinsu ke fara fitowa. A nan ne masu sabon kiwo suke tayar da hankali, su zo su ce, Malam, uwar nan ba ta kula da 'ya'yanta, ko kallonsu ba ta yi. Ai haka Allah Ya halicce ta. Zomanya sau ɗaya take shayarwa a kwana, wani lokaci sau biyu, galibi cikin dare ko da asuba, kuma ba ta wuce minti uku zuwa biyar a kansu. A daji wannan nisantar ita ce dabararta, don kada ta nuna wa maciji da kare hanyar ramin. Nononta kuwa ya ninka na saniya wajen sau uku a maiƙo da abin gina jiki, shi ya sa sha ɗaya ke riƙe su har gobe. In kana son ka tabbatar, ka duba su da safe. Wanda cikinsa ya yi tumbir, fatarsa ta yi sumul, ya ƙoshi. Wanda fatarsa ta yamutse yana ta kai-komo a akwati, shi ne mai yunwa.

Wajen kwana 10 zuwa 12 ido ke buɗewa. Daga kwana 18 zuwa 21 sai su fara leƙowa daga akwati, su bi uwar, su ɗan gutsiri ganyen da take ci. To, nan ne tarkon yake. A wannan lokacin sun fi kyau a ido: gashi ya cika, kunne ya miƙe, yaro ya gan su ya ce sai an saya masa. Mai kiwo kuma ya ga suna tauna ganye ya ce ai sun fara ci, sun isa. Alhali a daidai sati na uku ne nonon uwar ya fi yawa, kuma shi ne kusan duk abincinsu. Taunar da suke yi koyo ce. Duk macen da ta yi goyo ta san jariri ɗan wata bakwai yana lasar kunu, amma ba wadda za ta ce an yaye shi don ya lasa.

Dalilin mutuwar tasu a ciki yake, inda ido ba ya gani. Zomo da kansa ba ya iya narkar da ciyawa. Akwai wani babban buhu a hanjinsa, duk wanda ya taɓa feɗe zomo ya gan shi, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke sarrafa masa ganye. Ɗan zomo ba a haifarsa da su. Daga uwarsa yake samu, a hankali, ta hanyar zama tare da ita da gutsirar kashin da take bari a akwati. A daidai wannan lokacin kuma maiƙon nononta na kashe masa miyagun ƙwayoyin cuta, domin ruwan tumbinsa bai yi tsamin da zai kashe su da kansa ba tukuna. Wato akwai 'yan makonni da yake tsakanin gaɓa biyu: nono na tsare shi, cikinsa kuma na koyon aiki. Idan ka ɗauke shi a tsakiyar nan, ka cire masa mai gadi tun bai iya tsare kansa ba. Ka ƙara masa da sabon gida, sabon ruwa, sabon ganye, da yara masu jagwalgwala shi. Sai zawo mai majina ya biyo baya, kuma in ya kama ƙaramin zomo da wuya ya tashi.

Wani ɗalibi daga cikin yaranmu da ke Jami'ar Jihar Nasarawa ya nuna mana a waya cewa a Turai sati huɗu zuwa biyar ake yaye. Gaskiya ne, manyan gonakin Faransa da Italiya da Sifen haka suke yi. Amma a duba yadda suke kiwon. Ɗakunansu an daidaita musu sanyi da zafi, abincinsu haɗaɗɗe ne na kamfani wanda aka auna komai a cikinsa, ruwa na zuwa ta bututu, likita kuma na zagayawa. Ɗansu na sati biyar ya kusa kilo guda. Namu da ke cin harawa da dusa a ƙarƙashin kwanon rufi, a sati biyar ɗin da ƙyar wani ya kai rabin haka. Lissafinsu na gidansu ne, ba zai hau kan kejin da ke bayan ɗakinmu ba.

Abin da muka tsaya a kai, bayan shekarun da muka yi muna ajiye zomaye a gida da abin da muka ji daga malaman gona, shi ne wannan. Kada a raba ɗan zomo da uwarsa kafin ya cika sati shida, wato kwana 42. Kada kuma a fitar da shi daga gida zuwa hannun mai saye kafin ya cika sati takwas. Sati biyun da ke tsakani na gwaji ne: ya rabu da nono amma yana nan a inda ya saba, kana kallon cinsa da kashinsa. Kuma ko kwanakin sun cika, a duba jikinsa. Yana cin abinci sosai da kansa? Yana shan ruwa daga mazubi? Kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne busasshe, gindinsa tsaf? In aka ɗora shi a sikeli ya haura rabin kilo? In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a ƙara masa sati. In haihuwar ta yi yawa, kamar takwas ko tara, 'ya'yan sukan zama ƙanana, su ma a bar su su kai bakwai ko takwas tare da uwar.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba shi ke kashe jarirai, musamman wanda ya maƙale a nono uwar ta fito da shi waje. A rufe gefen keji da buhu, a riƙa dubawa kafin a tafi masallaci. Waɗanda aka yaye a wannan lokacin a bar su tare, ɗumin juna na taimakonsu. Da bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin Keffi ba sai an faɗa ba. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake fitar da zafi. In zafi ya haura digiri 30 cin uwar na raguwa, nono ya ragu, 'ya'ya su tsumbure. A irin wannan lokaci sati takwas ya fi, a kuma ɗauke keji daga ƙarƙashin kwano a kai inuwar mangwaro. Damina kuwa ita ce ta fi yaudara, don ga ganye ko'ina. Amma ɗanyen ganye mai raɓa da laimar keji su ke kawo zawo, har da irin mai cin hanji da hanta wanda ƙwayarsa ke yaɗuwa ta kashi. A yanko ganye yau, a shanya shi a inuwa ya yi yaushi, a bayar gobe. Kada a zuba a ƙasan keji inda suke kashi, a ɗaure shi a rataye.

Yadda ake yayen ma da sauƙi in an bi a hankali. Mu a al'adarmu yaro ake ɗauka a kai gidan kaka. A zomo sai a juya: uwar ake ɗaukewa a kai wani keji, a bar 'ya'yan a ɗakin da suka sani, da warin da suka sani, da mazubin da suka saba. In ba yadda za a yi sai su ne za su tashi, to a tafi da su tare, a ɗebi ɗan shimfiɗarsu a kai sabon wurin. In girmansu ba ɗaya ba ne, a fara cire manyan, a bar ƙanana biyu ko uku su ƙara kwana huɗu ko biyar. Ribar biyu ce: ƙananan su samu nono su kamo, uwar kuma nononta ya ƙafe a hankali. In aka kwashe duka rana ɗaya alhali tana da nono da yawa, maman na iya sanƙarewa ya yi zafi har ya yi ƙurji. A rage mata dusa na 'yan kwanaki, a riƙa shafa cikinta ana dubawa. Sannan don Allah a hana yara ɗaga zomo ta kunne. Babba a kama fatar kafaɗa a tallafi gindi, ƙarami a ɗauke shi da hannu biyu.

Sati biyu na farko bayan yaye kada a canza musu abinci. Abin da suke ci tare da uwar shi za su ci gaba da ci. Busasshiyar harawar gyaɗa ko ta wake kada ta yanke a gabansu dare da rana, domin abu mai tauri shi ke riƙe cikin zomo. Dusa kaɗan-kaɗan. Mu masu sayar da dusa ne, amma muna gaya muku yawanta ga ɗan yaye illa ne. Harantama da ganyen dankali da zogale duk suna da kyau, sai dai sabon ganye ɗaya-ɗaya ake shigo da shi, a fara da ɗan kaɗan a ga yadda kashi zai yi. Dusar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ce asara. Ruwa kuwa kullum, mai tsabta. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, ba gaskiya ba ce, kuma ta kashe zomaye da yawa a unguwar nan. Uwa mai shayarwa ta fi kowa bukatarsa.

Akwai kuma maganar magani. Da an ga zawo sai a aika yaro kemis ya sayo kafso a fasa a zuba a ruwa. A sani cewa irin su amfisilin da amoksisilin, in zomo ya sha ta baki, suna kashe waɗancan ƙwayoyi masu amfani na cikinsa, sai maganin ya ƙarasa abin da cutar ta fara. Abincin kaji na buhu ma wani akan haɗa shi da maganin da kaza ke ɗauka amma zomo ba ya ɗauka. In zawo ya shigo, a ware mara lafiya, a janye ɗanyen ganye da dusa, a bar harawa da ruwa, a wanke keji, a nemi likitan dabbobi. In kuwa manya da ƙanana suka fara faɗuwa farat ɗaya, wani da jini a hanci, wannan ba matsalar yaye ba ce. Akwai annobar zomaye da ta ɓulla a jihohin Kwara da Oyo a 2020. A irin haka kada a sayar, kada a ba da aron namiji, a sanar da ofishin dabbobi. Duk sabon zomon da aka sayo ma a ware shi sati biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Bayan rabuwa da uwa akwai rabuwa ta biyu da mutane ke mantawa, wato raba maza da mata. Kada su wuce sati goma zuwa sha biyu a haɗe. Zomo na balaga da wuri. In aka bar su, ƙanwa za ta ɗauki cikin wanta tun jikinta bai yi ƙwari ba, ta haifi raunana, ita ma ta tsumbure. Mazan kuma in suka kai wata uku sai faɗa, su yayyage juna. Gane su ba wuya: a kwantar da shi a tafin hannu, a danna gaban a hankali. Na namiji yakan fito zagaye kamar bakin bututu, na mace kuwa tsaga ce mai tsawo. Macen da za a bari don iri a jira ta kai wata biyar zuwa shida kafin a kai ta barbara, kuma a nemo mata namiji daga wani gida.

Shi kuma babban namijin, kada a bar shi keji ɗaya da uwa mai jego. Zomanya na iya ɗaukar ciki a ranar da ta haihu. In haka ta faru, bayan wata guda ga sabuwar haihuwa, na farkon dole su tashi tun ba su cika sati biyar ba, ita kuma tana shayarwa tana ɗauke da ciki a kan harawa da dusa. Ana kai mace ɗakin namiji ne, in an gama a mayar da ita. Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Ciki kwana 31, shayarwa kwana 42, hutu kamar kwana 14, ya zama kwana 87. Wato haihuwa huɗu a shekara. In kowace haihuwa shida suka rayu, kana da 24, uwar kuma na nan da ƙarfinta. Mai gaggawa a ce ya samu haihuwa bakwai, amma biyu-biyu ke tsira: 14 ke nan, ga uwa ta lalace kafin shekara ta zagayo. Sauri ya haifi nawa. Wata dabara kuma, mai mata biyu ya kai su barbara rana ɗaya. In ɗaya ta mutu ko ta haifi fiye da ƙarfinta, sai a kai wa ɗayar tun suna 'yan kwanaki, a cusa su cikin gashin akwatinta, galibi takan karɓa. Nonon saniya ko madarar gwangwani ba kasafai suke raya jaririn zomo ba.

Ta fuskar addini, naman zomo halal ne a mazhabobi huɗu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Abu Ɗalha ya yanka zomo ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, kuma ya karɓa. Kiwonsa da cinikinsa sana'a ce mai kyau. Amma halaccin yanka bai ba mu izinin azabtarwa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai a tafiya sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Annabi ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata. Kuma duk wanda ya yi Islamiyya ya san aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka sanya wa shayar da ɗan Adam wa'adi, aka kuma ce in za a yaye kafin nan sai da yarda da shawara. Hukuncin na mutane ne, ba mu ce na dabba ba ne. Darasin da muke ɗauka shi ne, Wanda Ya sanya nono a ƙirjin uwa Ya sanya masa lokaci, kuma dabbar da ka kulle a keji amana ce da za a tambaye ka.

Ta fuskar ciniki kuwa, mu 'yan hatsi akwai hadisin da ba ma mantawa, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, Annabi ya sa hannu ya gano, ya yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Wanda bai sani ba ya sayar da ɗan sati uku, ba mu ce ya yi ha'inci ba, kuma a rigingimun da aka kawo mana sulhu muke yi: ko a raba asarar biyu, ko mai sayarwa ya ba da madadi daga haihuwa ta gaba. Amma daga yau wanda ya karanta wannan ya sani. In ya ce wa mai saye wata biyu ne alhali sati uku ne, ya ɓoye aibi, kuma malamanmu na fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in aka ɓoye masa aibi. Ku kuma masu saye, ku daina matsa wa yara da cewa ku ƙananan kuke so don sun fi araha ko sun fi kyau. Arahar da za ta mutu ranar Laraba ba araha ba ce.

Ga shawararmu ga unguwa, mai unguwa da dattawa su duba. Na farko, duk mai kiwo ya rubuta ranar haihuwa a jikin keji, ko da gawayi ko alli, har da ranar da sati shida da sati takwas za su cika. Iyayenmu mata da ba sa rubutu su ƙirga Juma'a: Juma'a shida a ɗauke uwa, Juma'a takwas a sayar. Na biyu, mai saye ya je gida ya ga uwar da kejin da idonsa, kada ya karɓi zomo a kwali a bakin titi. Na uku, in yana tsoron wani ya riga shi, ya ba da kafin alƙalami a ajiye masa har lokaci ya yi. Na huɗu, mai sayarwa ya haɗa masa da ɗan abincin da suka saba na kwana uku ko huɗu. In muka riƙe wannan, masu zuwa daga Masaka da Mararaba da Abuja za su gane cewa zomon unguwar nan ba ya mutuwa a hannu, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da suna mai kyau ke jawowa.

Masu son ƙarin ilimi, ba mu rasa inda za mu tambaya ba. Jami'ar jiharmu na da tsangayar aikin gona a Shabu kusa da Lafiya, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, Zariya, da ta lafiyar dabbobi a Vom ta Jihar Filato. 'Ya'yanmu da ke karatu a wannan fanni su taimaka, su riƙa zagaya gidaje in sun zo hutu. Iyaye kuma a sa ido a kan kiwon yara. Yaron da ya iya jiran sati takwas alhali ga mai kuɗi a tsaye a ƙofar gida, ya koyi abin da zai amfane shi a kowace sana'a ya shiga.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne. Allah Ya sa albarka a kiwonmu da kasuwancinmu, Ya rufa wa iyayen marayu asiri, Ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.